Jidda Ta Fi Yamai Kusa

Na san duk wanda ya taɓa buɗe littafin taswira zai yi mamakin wannan kan magana, watakila ma wani ya ce lalle yaron nan barci yake yi in malamin labarin ƙasa ya shigo aji. To, ina roƙon masu karatu su yi haƙuri su bi ni sannu a hankali, in sun ji dalilina sa'an nan su yanke mini hukunci. Ni dai abin da nake son in nuna shi ne, a wannan zamani namu na jirgin sama, nisan gari ya daina bin abin da taswira ta faɗa, kuma mu mutanen wannan yanki mu ne muka fi cutuwa da haka.

A zangon da ya wuce, ran wata Laraba, malaminmu na labarin ƙasa ya shigo aji rungume da taswirar duniya, irin mulmulalliyar nan mai kama da ƙwallo wadda ake ajiyewa a ofishin shugaban makaranta ba a yarda kowa ya taɓa. Ya ɗora ta a kan tebur, ya zaro zare daga aljihu, ya ce yau kowa zai auna duniya da hannunsa. Wani daga cikinmu ya tambaya, ya ce, "Malam, me zai hana mu sa rula a kan taswirar da ke jikin bango?" Malam ya ce ai ta bango shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa ba haka take ba. Duk wanda ya shimfiɗa abu mulmulalle a kan takarda sai ya ja wani wuri ya matse wani, don haka rula za ta yi maka ƙarya in tafiyar mai nisa ce. Amma in ka dafe bakin zare a kan gari ɗaya, ka ja shi ya miƙe sosai zuwa wani gari a jikin ƙwallon, to, ka sami hanya mafi gajarta, kuma ita ce matuƙan jirgin sama suke ƙoƙarin bi. Shi ya sa in aka zana hanyar jirgin da ya tashi daga Landan zuwa Amurka a kan taswirar bango, sai ka ga kamar ya yi baka ya karkata arewa, alhali kuwa miƙewa ya yi.

Muka yi ta awo muna gardama, Malam yana gyara mana lissafi daga littafinsa. Daga filin jirgin sama na Kano zuwa na Ikko kimanin kilomita 830 ne. Daga Kano zuwa Jidda kimanin 3,400. Daga Kano zuwa Landan wajen 4,450. Da aka zo kaina sai na ce ni Yamai zan auna, babban birnin Nijar, don ina da dalili. Zaren da ya shiga tsakanin yatsuna bai kai tsawon gaɓa guda ba. Kilomita 700 ne kacal ko da ɗan ɗoriya, watau ko Ikko bai kai ba. Njamena ta ƙasar Cadi ma kusan haka take daga Kano, sai dai ita gabas take.

Sa'an nan Malam ya ba mu lissafin lokaci. Babban jirgin fasinja yakan yi gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa guda in ya daidaita a sama. Ka raba nisa da gudu, ka ƙara ɗan lokacin tashi da na sauka, ka sami tsawon tafiya. A kan wannan lissafi Jidda awa huɗu da rabi ce zuwa biyar, Landan wajen awa shida, Yamai kuwa awa guda da 'yan mintoci. Kowa ya rubuta, aka kaɗa ƙararrawa, aka fita tara. Ni kaɗai na san cewa amsar da na rubuta a kan Yamai daidai ce a littafi, amma ba haka ta zo wa gidanmu ba.

Kafin in kai ga wannan, ya kamata in faɗi gaskiya, akwai abubuwan da ke ɓata lissafin nan waɗanda ba laifin kowa ba ne. Akwai iska. Can sama inda jirage ke bi akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a sassan Turai da Amurka. Tsakanin Landan da Niyu Yok kimanin kilomita 5,500 ne, zuwa da dawowa duk ɗaya, amma mai zuwa Amurka yakan yi wajen awa takwas don yana karo da iskar, mai dawowa kuwa wajen bakwai don tana tura shi. Akwai kuma bambancin agogo, wanda yakan rikita har manya. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. In jirgi ya bar Kano da ƙarfe 10 na dare ya yi awa huɗu da rabi, agogon hannunka zai nuna 2:30, na bangon filin jirgin Jidda kuwa 4:30, sai ka zaci tafiyar awa shida da rabi ka yi. Waɗannan duk ɗalibi yana iya gane su da alli da allo. Abin da ya gagare ni ganewa shi ne na hannun mutane.

Kakan mahaifina, Allah ya jiƙansa, da ƙafa ya tafi Makka. Mun taso mun ji ana cewa shekara bakwai ya yi tsakanin fitarsa da komowarsa. Ya bi ta Borno, ya ratsa ƙasar Cadi, ya shiga Sudan ta Darfur, ya wuce Hartum har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, daga nan ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare sai ya tsaya ya yi ƙwadago a gonar wani damina guda ko biyu, sa'an nan ya ci gaba. Da yawa daga cikin abokan tafiyarsu ba su komo ba, wasu sun rasu a hanya, wasu sun yi aure sun zauna, shi ya sa har yau akwai Hausawa masu yawa a Sudan, a garuruwa irin su Mai Wurno. A zamanin nan nasa, zuwa Yamai ko Damagaram ba a lissafa shi cikin manyan tafiye-tafiye. Fatake suna zuwa suna dawowa da jakuna da raƙuma, ana aure tsakani, ana zumunci.

Mahaifina kuwa ya sauke farali a shekarar 2019. Mun raka shi har bakin filin jirgi bayan sallar lisha, muka dawo gida muka kwanta, kafin mu idar da sallar asuba ya bugo waya ya ce ga shi a Jidda. Tafiyar da ta ci wa kakansa shekaru, shi bai ko yi barci mai nauyi a cikinta ba. Ranar kowa a gidanmu cewa yake yi nesa ta zo kusa, ni ma ina cikin masu faɗa.

To, a hutun daminar da ta wuce, ran wata Litinin da la'asar, aka bugo waya daga Yamai aka ce Goggo, yayar mahaifina wadda ke aure can tun ba a haife ni ba, jikinta ya yi tsanani, kuma tana ta kiran sunansa. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Hanyar mota daga Kano, ta Katsina da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Doso, ta haura kilomita 900, ga tsayawa a kan iyaka, ga shi kuma ba kowane yanki ake yarda a bi da dare ba. Baba ya ce ba zai iya jiran wannan ba. Ya ranci kuɗi wurin maƙwabcinsa na kasuwa ya nufi masu sayar da tikiti. Suka duba suka ce ba su da jirgin da zai miƙe daga Kano zuwa Yamai, abin da ya fi sauri shi ne ya bi jirgin dare zuwa Ikko, ya kwana, da hantsi ya shiga wani zuwa Lome ta ƙasar Togo, ya jira, sa'an nan ya shiga na uku zuwa Yamai.

Haka ya yi. Ya kwana a zaune a kan kujera a Ikko. Ya gaya mana wani abin dariya da bai ba shi dariya ba a lokacin: agogon Togo yana bayan namu da awa guda, tafiyar kuwa ba ta cika awa ba, don haka bisa ga agogo ya sauka Lome kafin lokacin da ya tashi daga Ikko. Ya ce da ya ga haka sai ya ji kamar an ba shi kyautar lokaci, ashe za a karɓe ta ninki-ba-ninki a ɗakin jira. Bai sa ƙafa a Yamai ba sai Talata bayan magariba. Goggo ta cika tun da asuba, an yi mata sutura an kai ta makwancinta kafin azahar. Abin da ya tarar shi ne tabarmin zaman makoki.

Kada wani ya ce ina jayayya da ƙaddara. Na sani in ajali ya zo ba a ƙara wa mutum ko ƙiftawar ido, kuma da Baba yana zaune a gefenta ma da ba zai hana ba. Amma da akwai jirgin awa guda a daren Litinin, da ta gan shi, da sun yi sallama, da ya sami sallar jana'izarta. Ku duba lissafin. Kano zuwa Ikko 830, Ikko zuwa Lome kimanin 230, Lome zuwa Yamai kimanin 820. Jimla kusan kilomita 1,900, don a je garin da ke kilomita 700. Yamai tana yamma da Kano, har da ɗan karkata arewa, amma sai da aka kai shi bakin teku tukuna. Zamansa a cikin jirage uku duka bai wuce awa uku da rabi ba, sauran kusan awa ashirin duk a ƙasa ya yi su yana kallon agogo. Wannan ne ya sa na ce Jidda ta fi Yamai kusa, kuma ban ga wanda zai ƙaryata ni ba sai mai auna tafiya da zare kaɗai.

Na yi ta tambayar kaina yadda aka yi haka ta faru, har na shiga ɗakin karatu na makaranta na yi ɗan bincike. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Kano ba baƙuwar jirgin sama ba ce. A nan jirgi ya fara sauka a duk Nijeriya, a watan Nuwamba na 1925, lokacin da jirage uku na sojan Ingila suka zo daga Masar. A 1936 aka buɗe hanyar fasinja da wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, tana bi ta Fort Lami, watau Njamena ta yau, kusan a kan sawun alhazan ƙasa. Jiragen da ba sa iya dogon zango ba tare da shan mai ba, saboda haka Kano ta zama mashaya ga masu ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. Da aka ƙera manyan jirage masu dogon numfashi sai suka riƙa wucewa ta kanmu, muna jin ƙararsu kawai.

Amma babban dalili a ganina shi ne yadda aka shata hanyoyin tun farko. Turawan mulki ba don mu ziyarci juna suka kawo jirgi ba, sun kawo shi ne don ma'aikatansu da wasiƙunsu su isa gida. Ƙasar da Ingila ta mallaka hanyarta ta fuskanci Landan, wadda Faransa ta mallaka ta fuskanci Faris. Bayan samun mulkin kai ma ba a warware wannan ba. A 1961 ƙasashe 11 masu magana da Faransanci, har da Nijar da Cadi, suka haɗu suka kafa kamfanin Air Afrique, mu kuma muna da Nigeria Airways namu daban. Bakano da Bamaraɗe harshensu ɗaya, abincinsu ɗaya, amma a sama kowa da ƙofar da aka buɗe masa. Daga baya ma kamfanonin biyu duk suka durƙushe, na farko a 2002, namu a 2003.

Sa'an nan ga wani abu da ban sani ba sai da Malam ya yi mini bayani. Sama ba kamar daji ba ce da kowa zai ratsa. Kowace ƙasa ita ke da ikon sararin da ke bisa kanta, kuma jirgin wata ƙasa ba ya ɗaukar fasinja ya sauke a wata sai gwamnatocin biyu sun yi yarjejeniya, sun faɗi jirage nawa za su zo a mako da filin da za su sauka. Mun ga ƙarfin wannan iko a 2023. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu aka rufe samanta, jiragen alhazanmu na shekarar sai da suka yi kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. A watan Agusta kuma, bayan juyin mulki, Nijar ta rufe tata samar na wajen wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da Nijeriya suka riƙa zagaye. Jidda ba ta matsa ba, Landan ba ta matsa ba, sa hannu a takarda ne ya ƙara musu nisa. To, in sa hannu yana ƙara nisa, ashe yana iya rage shi.

Shugabanninmu sun san da haka. A 1999 ƙasashen Afirka fiye da 40 suka amince a birnin Yamusukuro cewa za su buɗe wa jiragen juna sama. A watan Janairu na 2018 aka sake taruwa a Adis Ababa, Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin mayar da saman Afirka kasuwa guda, ƙasashe 23 suka shiga tun farko, har da Nijeriya. Yarjejeniyar farko ta girme ni da shekara goma. Lokaci lokaci akan ji wani kamfani ya buɗe hanya tsakanin Nijeriya da Yamai, a yi biki a yanka ƙyalle, bayan an kwana biyu kuma a ji shiru.

Da muka yi wannan magana a ɗakin kwana, wani abokina ya ce ni dai ina ɓata bakina ne, jirgin sama na masu kuɗi ne, talaka ina ruwansa, gara a gyara hanyoyin mota. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na ƙin a gyara hanya. Na ma yi murna da aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021. Amma Baba ba mai kuɗi ba ne, ɗan kasuwa ne mai rumfa guda, kuma har yanzu bai gama biyan bashin nan ba. Abin da ya sa tikitin ya yi tsada haka shi ne jirage uku ya biya, da harajin filaye huɗu, maimakon jirgi guda. Marar lafiya da za a kai asibiti, da ɗalibi, da mai zuwa jana'iza, ba don alfahari suke neman jirgi ba.

Wani kuma ya ce ai kamfani ba sadaka yake yi ba, in babu fasinja ba zai tashi da kujeru wayam ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, na kuma daɗe ina juya ta. Amma wa ya ce babu fasinja? Duk wanda ya je Kantin Kwari ko kasuwar Dawanau ya san yawan mutanen Nijar da Cadi da ke zuwa sayayya Kano kowane mako. Suna bin mota ne don ba su ga jirgin da za su dogara da shi ba, kamfani kuma ya ƙi sa jirgi don bai gan su a filin jirgi ba. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Kuma ba wanda ya ce a kawo ƙaton jirgi irin na alhazai. Akwai ƙanana masu farfela da ke ɗaukar mutum 50 zuwa 70, suna gudun kimanin kilomita 500 a awa, ba sa shan mai da yawa. Irin wannan zai kai Yamai ko Njamena daga Kano cikin awa ɗaya da rabi ko da ɗan ƙari. Ko sau uku a mako ne, in dai an san ranar, kuma ranar ba ta canzawa, mutane za su saba. Habasha ba ta fi mu arziki ba, amma ta riƙe kamfanin jirginta tun 1945 har Adis Ababa ta zama mahaɗar Afirka. Lome ma da aka kai Baba, ƙaramin birni ne in aka gwada da Kano, sun dai tsaya ne sun mai da filinsu mahaɗa.

Saboda haka ina kira ga hukumomin da abin ya shafa, na nan da na maƙwabta, su cika alkawarin da suka sa wa hannu, su rage harajin da ke kan gajerun tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe maƙwabta, kuma ko an sami saɓani tsakanin gwamnatoci kada a fara da toshe hanyar talakawa. 'Yan'uwana ɗalibai kuma, musamman masu son zama matuƙan jirgi, da yawa in an tambaye ku ina za ku tuƙa sai ku ce Landan ko Dubai. Ban taɓa jin wanda ya ce Yamai ko Damagaram ko Garwa ba.

Guntayen tikitin nan uku suna nan cikin akwatin Baba, a tsakiyar fasfonsa. Kafin in dawo makaranta na ɗauko su na jera a kan tabarma ina haɗa awoyin a bayan littafina, sai ga shi ya shigo. Ya tsaya ya dube su, ya ce, "Me kake lissafawa, ɗan nan?" Na ce, "Baba, awa nawa ka yi a hanya nake son in sani." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in na gama in mayar masa da su inda na same su.